Soket ɗin babur ya daina ba da wuta? Gwada shi da ƙwan fitila tukuna

Jama'a kafin ku kashe kuɗi kan sabon soket, ku nemo ƙwan sigina mai wat 21, ku ɗaura masa 'yan wayoyi biyu ku jona a soket ɗin.

Dalili kuwa, mitar auna wutar lantarki tana yaudara. Ni tawa ta nuna min bolt 12 cif, amma da na jona rigar ɗumama jiki sai shiru, ko ɗumi-ɗumi babu. Ashe tsatsa ce ta cinye bakin wayar negatif inda aka ɗaure ta da jikin mashin, 'yar wutar da mita ke buƙata tana wucewa amma da kaya mai jan wuta ya hau sai ta tsinke.

In ƙwan ya haska tar, wayoyinka lafiya lau. In ya yi ja-ja ko yana ƙyaftawa, kwance kusoshin da suka ɗaure wayar negatif, goge da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka ɗaure da kyau. In ko bai kama ba sam, duba fiyus. Kuma don Allah kar ka sa fiyus ɗin da ya fi na asali girma, waya ce za ta narke.

Inda dabarar ba ta aiki: ƙwan bai kai amp 2 ba, rigar kuwa tana iya jan 6 ko 7, don haka ƙwan na iya haskawa amma rigar ta ƙi aiki. Wasu baburan BMW kwamfutarsu ke yanke soket da kanta in an wuce amp 5, to nan sai dai ka ja waya daga batir kai tsaye da fiyus ɗinta.