Yadda Ake Mayar da Gidan Tsuntsu na Katako Roka Mai Tashi

Kafin ka taɓa zarto, ɗora gidan a kan sikeli. Gidan tsuntsu gajere ne, mai faɗi, ga nauyi, duk abin da roka ba ta so ke nan. Shi ya sa nake zaɓar irin ƙananan nan da ake yi don ado, masu siririn katako, waɗanda rufinsu ke da tsini a tsakiya. Na katako mai kauri da ake kafawa a jikin bishiya, bar wa tsuntsaye abinsu. Idan gidan shi kaɗai ya haura giram 150, nemi wani.

Dalilin wannan tsanani yana ga injin. Injinan ƙananan rokoki, irin na kamfanin Estes, harafi ne ke nuna ƙarfinsu, kuma kowane harafi yana ninka na bayansa: C ninkin B, D ninkin C. Na fi natsuwa da D12-3 a wannan aiki. Kaurinsa milimita 24, tsawonsa milimita 70, nauyinsa kamar giram 40. Lamba 12 tana nuna matsakaicin ƙarfin turinsa, 3 ɗin kuma daƙiƙoƙin da zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya hura laima (wato parashut, mai sauko da rokar a hankali) waje. Gida mai faɗin gaba iska na tare shi da wuri, ba ya yin nisa, saboda haka jira mai tsawo zai sa laima ta buɗe yana gab da ƙasa. Ni ba na barin nauyin komai da komai, har da inji, ya wuce giram 300. Kuma injin saye ake yi. Kada ka kuskura ka haɗa naka.

Asirin aikin shi ne roka ta gaskiya tana ciki, gidan riga ce kawai aka sa mata. Ɓamɓare rufin a hankali, ka zare duk ƙusoshi da ƙarafan da ke jiki, don ba a son ƙarfe a jikin abin da zai iya faɗo wa mutum. Goge bangon daga ciki da samfefa har ya yi sirara, ka sake haɗa shi da gam na katako. Huda daɓen gidan daidai tsakiya, ka zura bututun kwali mai kaurin kamar santimita 4 daga ƙasa har zuwa gindin rufi. Cikin ƙasan wannan bututu ne ƙaramin bututun inji zai zauna, da zobba biyu na kwali ko katako da za su riƙe shi a tsakiya, da wani zoben a samansa da zai tare injin kada ya shige. Auna da kyau bututun ya miƙe sak. In ya ɗan karkace, turin ma zai karkace, ba kuwa abin da zai gyara wannan a sama.

Rufin shi ne hancin rokar. Manna masa toshi na katakon balsa, wani katako marar nauyi, a ƙarƙashi, wanda zai shiga bakin bututun ba matsi sosai, ba sako-sako. Gwajina shi ne in kifa gidan: kada rufin ya faɗo da kansa, amma ya fita in na hura bututun da baki daga ƙasa. Ɗaure rufin da jikin gidan da igiyar Kevlar (zare mai ƙarfi da jure zafi) ko roba mai tsawon mita ɗaya ko fiye, ka haɗa laima mai faɗin santimita 45 zuwa 60. Ƙofar tsuntsun kuwa ina barinta a buɗe da 'yar sandar da ke ƙarƙashinta, don su ne ke sa mai kallo ya gane abin da ya tashi.

Yanzu ga inda ya kamata ka ba lokaci. Roka tana tafiya a miƙe ne idan tsakiyar nauyinta yana gaba da wurin da iska ke turawa a jikinta, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin jikin. A gajeren gida wannan tazara da wuya take samuwa, ga injin can ƙasa yana jan nauyi baya. Hanya biyu ce, kuma duka biyun nake bi. Ta farko, fukafukai huɗu manya na balsa ko siririn katako, su zarce daɓen gidan zuwa ƙasa kamar da tsawon rabin gidan. Tsaga bango su wuce ciki har su manne da bututun, domin wanda aka liƙa a fatar bango kawai saukar farko za ta karya shi. Ta biyu, cusa yumɓu a cikin tsinin rufi, ka rufe shi da gam.

Sannan ka gwada. Sa inji da laima, ka nemo inda gidan ke daidaita a kan yatsa, ka ɗaura igiya a wurin, ka wulwula shi a sarari. In rufin ne ke gaba duk zagayen, madalla. In yana juyawa ko yana tafiya a kaikaice, ƙara yumɓu kaɗan-kaɗan, kana komawa sikeli kowane lokaci. Idan nauyi ya kai iyaka bai daidaita ba, faɗaɗa fukafukan. Gidan da bai ci wannan gwaji ba, ba na kai shi fili.

Sandar harbawa, wadda rokar ke bi ta miƙe lokacin tashi, ta zama mai kaurin milimita 5, tsawonta kusan mita ɗaya. Lura da bakin rufin da ya zarce bango, yana iya tare sandar. Huda shi, ka manna ɗan siririn bututun da sandar za ta bi a jikin bango, daidai da hudar.

Ranar harbawa ina bin ƙa'idojin ƙungiyar masu rokoki ta Amurka, NAR, tare da dokar wurin da nake. Injin D yana buƙatar fili mai faɗin mita 150, ba busasshiyar ciyawa, ba wayoyin lantarki. Iska kada ta wuce kilomita 32 a awa, kodayake da gidan tsuntsu rabin haka ma ina haƙura. Cusa irin takardar da ba ta kama wuta tsakanin inji da laima don kada laimar ta ƙone, ka kunna da batir daga nesa, kowa ya ja baya aƙalla mita 5. In ka danna bai tashi ba, cire makullin na'urar kunnawa, ka jira daƙiƙa 60 kafin ka matsa kusa.