Wanke amosani da karkashi a hunturun Zariya

Da dare a narka man kaɗanya cokali 2, a shafa a fatar kai, a ɗaura kallabi. Kafin safiya ɓawon ya yi laushi, mataji zai ɗaga shi. Kar a kankare da farce, miki yake zama. Amma in amosanin mai maiƙo ne, kar a bar mai ya kwana, ƙara shi yake yi.

A jiƙa karkashi cokali 1 a ruwan ɗumi kofi 1 har ya yi yauƙi, a wanke kai, a ɗauraye sosai. Sau 2 a mako ya isa. Sabulun salo kuwa busar da fata yake yi.

Ɓawo mai kauri da ya gangaro goshi da bayan kunne, wataƙila soriyasis ne, wani ciwon fata mai daɗewa da ke sa fata yin ɓawo. Ba a ɗaukarsa daga wani, amma a ga likitan fata a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, kusa da Zariya.