Yadda Ake Ɓatar da Boka a Fim Ba Tare da An Ga Ɗinkin Ba

A shekarata ta biyu da fara tace finafinai a wani ɗan shago da ke titin Gidan Zoo a Kano, wani darakta ya miƙo mini filashi ya ce, "Injiniya, a nan bokan zai ɓace. Ka zuba masa hayaƙi da walƙiya, gobe zan zo in karɓa." Na buɗe aikin sai jikina ya yi sanyi. A kafaɗa aka riƙe kyamarar, hoton sai lilo yake yi. A bayan bokan ga wata akuya tana cin dusa, kuma kafin ya fita daga hoton a ci gaba da ɗauka ta riga ta koma gindin darbejiya. Kwana uku na yi ina goge akuyar nan firem bayan firem, wato ɗaya bayan ɗaya cikin hotunan da ke jeruwa su zama fim, ga ƙarar janareta ga sauro. Duk da haka sai da wutsiyarta ta rage a sararin Allah na rabin daƙiƙa, kuma ita yara suka yi ta nunawa suna dariya.

Tun daga ranar, wanda duk ya ce mini "ai za a gyara a editin", sai in ce ya turo mota in bi su lokeshin. A wurin ɗauka ake yanka siddabarun fim. Mu masu kwamfuta teloli ne kawai, tela kuwa ba shi da yadda zai yi da yadin da aka yanka a karkace.

Ɓacewa da bayyana

Wannan dabarar ta girmi kakanninmu. Wani Bafaranshe mai wasan rufa-ido, Georges Méliès, shi ya shahara da ita tun 1896. Shi da bakinsa ya ce wata rana yana ɗaukar wani titi a birnin Faris sai kyamararsa ta cije. Kafin ya gyara ta, masu wucewa sun wuce wasu sun zo. Da ya haska fim ɗin sai ya ga keken dokin haya ya rikiɗe ya koma keken ɗaukar gawa. Har yau abin da muke yi ke nan, sai dai shi da almakashi yake yanka.

Ka kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, ka ɗaure kowane ƙulli tamau, ka rataya dutse ko jakar yashi a tsakiya don kada iska ta motsa ta. Sannan ka hana ta yin komai da ra'ayin kanta: fokas, yawan haske da daidaita launi duk ka mayar da su na hannu. In da waya kake aiki, danna allon ka riƙe har sai ya kulle. Dalili kuwa, da zarar boka mai baƙar riga ya fita daga hoton, kyamara za ta ga wurin ya yi haske ta rage da kanta, sai katangar da ke bayansa ta canza launi daidai wurin ɗinkin.

In an fara ɗauka kada ka tsayar, kada ma ka taɓa maɓalli. Boka ya yi surkullensa, ya watsa toka sama, darakta ya ce "a tsaya". Duk wanda ke cikin hoton ya sandare yadda yake, boka ya zare jikinsa ya fice ba tare da ya tayar da ƙura ba, sannan a ce su ci gaba, su zabura kamar yanzu ya ɓace. Bayan an gama kowa ya fita, ka ɗauki wurin ba kowa na daƙiƙa 20. Ni fanko nake kiran wannan hoton, kuma ba na barin lokeshin sai da shi. Da shi ake toshe duk wata ɓaraka: igiyar da aka rataya ƙwarya da ita don ta tashi sama, ƙafar yaron da ke riƙe da fitila, ko akuya.

Babban abokin gabarka rana ce. Duniya tana juyawa digiri ɗaya a kowane minti huɗu, don haka in aka tsaya gardama minti goma tsakanin ɗauka biyu, inuwar katanga ta matsa, ido kuma zai kama. Ka yi a cikin zaure, ko a inuwa, ko ranar da hazo ya rufe gari. Ka kuma duba duk abin da ke motsi da kansa: labule, ganye, harshen aci-bal-bal, hayaƙin kasko. Waɗannan su ke tona asiri. Ko ka fitar da su daga hoton, ko ka matsar da su gefe inda za ka iya shata musu layi ka bar su a ɗauka guda.

A kwamfuta sai ka sa fanko a ƙasa, boka a sama, ka yanke daidai lokacin da tokar ta fi cika hoton. Ido yana bin motsi, a cikin motsi kuwa ake ɓoye ɗinki. Narkewar hoton boka cikin fanko na firem huɗu zuwa shida ta isa. Walƙiyar nan mai ruwan hoda da muke liƙa wa bokaye a ido, ni dai na daina. Ba ta tsorata ko jariri. Matar da ta saki tulu ya fashe don firgita ta fi ta aiki sau goma.

Da wannan tsarin ake yin Hassan da Husaini da jarumi ɗaya: ya yi wasansa a dama, ya canza hula ya yi a hagu, ka haɗa biyun a kan wani miƙaƙƙen layi kamar gefen ƙofa. Kada hannunsa ko inuwarsa su tsallaka layin, shi ke nan.

Ƙaton aljani ba kwamfuta

Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta san nisa ba. Abin da ya ninka nisansa, tsawonsa ya ragu da rabi. Ka tsayar da mai fitowa a aljani mita 2 daga kyamara, mutumin da zai gamu da shi kuma mita 10, sai aljanin ya ninka shi biyar. Da irin wannan aka mayar da manyan mutane gajeru a wurare da dama cikin fim ɗin The Lord of the Rings na 2001, wanda aka ɗauka a ƙasar New Zealand: ɗaya ya zauna can baya, a hoto kuwa sai ka rantse kafaɗa da kafaɗa suke.

Abu uku ke ɓata shi. Dole su biyun su fito tar, don haka ka matse ƙofar haske zuwa 11 ko 16, ka yi da rana tsaka. A nan waya ma ta fi babbar kyamara sauƙi, don kusan komai tar take fitar da shi. Na biyu, kada su kalli juna da gaske; kowa a kafa masa kara ko a nuna masa reshen da zai zuba wa ido, kai kuma ka daidaita a allo. Na uku ƙasa. In aka ga filin da ke tsakanin ƙafafunsu, zance ya ƙare. Ka kwantar da kyamara ƙasa-ƙasa, tudu ko ciyawa su rufe ƙafafun.

Koren yadi

Nan ne aka fi yin asara. Cire mutum daga bango mai launi ɗaya tsohon aiki ne. A 1940 Larry Butler ya yi shi da shuɗin bango a fim ɗin The Thief of Bagdad, mai ƙaton aljanin nan da ya fito daga kwalba, har ya ci kyautar Oscar. Komawar da aka yi kan kore daga baya tana da dalili: rabin ƙwayoyin da ke karɓar haske a cikin yawancin kyamarorin zamani na kore ne, kuma kore ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam.

In ka shiga Kantin Kwari, ka nemi yadin auduga marar ƙyalli, irin na kayan makaranta. Shadda da duk wani mai sheƙi ka bar wa masu biki. Ka sa a goge shi, ka ja shi ya miƙe kamar fatar ganga, domin kowane lanƙwasa inuwa ce, inuwa kuma wani koren ne daban a wurin kwamfuta. Yadin da fitilunsa, jarumi da nasa. Fitila biyu, dama da hagu, su wanke yadin bai ɗaya.

Ka raba jarumin da yadin mita biyu zuwa uku. Wannan shi ne abin da ɗakunanmu ba sa so, amma ba makawa. In ya matsa kusa, koren yana dawowa ya zauna masa a kunne da kafaɗa, musamman in fata ta sha mai ko ya yi gumi, sai ka cire bango ka tarar ka cire gefen fuska. Ka ajiye tawul da hoda kusa. Wata 'yar fitila daga bayansa tana taimakawa wajen fito da gefen jikin.

Ka binciki kaya tun kafin a fita daga gida. Na taɓa karɓar aikin wata sarauniyar aljanu da aka yi wa ado da atamfa mai koren ganye; da na cire bango sai ta koma rariya. In kayan wasan kore ne dole, sayi shuɗin yadi. Siririn mayafi da ake hango bayansa, da gashin da aka tsefe ya tashi, su ne masu cin dare, musamman a hoton waya da ba ya riƙe launi sosai a gefe-gefe. Ka ɗauka firem 25 a daƙiƙa, ka sa shota, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, a kan 100 maimakon 50 don hannu mai motsi kada ya yi dishi-dishi. Lambobin nan biyu, 25 da 100, su ne kuma suka dace da wutar lantarkinmu, ba su cika sa fitila ƙiftawa ba.

Cirewar kanta ba wuya. A cikin manhajojin kwamfuta, After Effects yana da abin cire bango mai suna Keylight, DaVinci Resolve yana da nasa kuma akwai na kyauta, Blender ma kyauta ne. Inda ake gane gwani shi ne haɗawa. Kafin ka kunna fitila ko ɗaya, ka san bangon da za ka saka: ta ina ranarsa take, kyamararsa a wane tsayi take. In hasken kogon daga hagu yake, jaruminka kuma daga dama aka haska shi, mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba amma ba zai yarda ba. Ka yi masa inuwa a ƙarƙashin ƙafa, in ba haka ba sai ya zama kamar hoton kalanda da aka manna. In ma da hali, ka zuba yashi na gaske ya taka, koren ya tsaya a baya kawai.

Birnin laka

Jiragen sararin samaniyar da aka gani a Star Wars na 1977 ƙananan sassaƙe ne aka kafa gaban shuɗin bango, kyamara ce ke tafiya ta wuce su. Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa bai kamata wannan ya gagare mu ba. Kana son ganuwar wani tsohon birni ta rushe? Nemo magini ya yi maka ita da laka, kashi ɗaya cikin 16 na girmanta. Kyamara ta sauka kamar santimita 10 daga ƙasa, wato daidai idon ɗan mutumin da zai rayu a garin.

Ƙaramin abu da sauri yake faɗuwa a ido, shi ya sa ake ɗaukarsa da gudu a haska a hankali. Lissafin shi ne: nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba ka yawan ragin. Na 16 huɗu ne, sai ka ninka 25 sau huɗu, firem 100 ke nan. Wayoyi da yawa suna yin 120, ya wadatar. Ƙura kuma ka yi ta da tankaɗaɗɗiyar toka, ban da fulawa, don garin fulawa a iska yana kamawa da wuta. Ruwa da wuta dai ba sa yarda a rage musu girma. Ɗigo ɗaya ya fantsama, an gane kwano ne ba kogi ba.

In ka gama haɗawa, kashe sauti ka kalla sau uku, don kiɗa da rugugi suna rufe wa mai aiki ido. Sannan ka tura wa wata ƙaramar waya, ka ƙure haskenta, ka miƙa wa ƙaninka ɗan shekara goma sha biyu ka ce ya nemo maka inda aka yi ɗinkin. In ya nuna wurin da yatsa, koma kan kujera.