Yaron bos da ya tuba ya zama gwani dare ɗaya: kurakuran da marubuta suka fi yi

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya da na Caina a gidan kallo ya san yadda ake raba aiki: ga akta, ga bos, ga yaran bos. A cikin yaran nan ba a rasa guda ɗaya da duk abin da aka sa shi sai ya ɓata. A aike shi ya sato takarda ya dawo da wata daban, a ba shi gadin wanda aka kama ya ɓige da barci. Irin wannan mutum ya shigo rubutunmu na Hausa ya zauna daram, a littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da kuma shirye-shirye masu dogon zango. Wani lokaci direban Alhaji ne, wani lokaci ƙawar kishiya ce da ake aika ta wurin boka ta dawo ta barbaɗa maganin a kwanon da ba shi ba.

Masu karatu suna son sa, shi ya sa marubuci yake jin nauyin kashe shi, sai ya sa shi ya tuba ya koma ɓangaren jarumi. Wannan ba laifi ba ne. Ina cikin masu jin daɗin irin wannan juyi in an yi shi da kyau. Abin da yake damuna shi ne yadda ake yawan ɓata shi, kuma kusan ko da yaushe a wurare iri ɗaya.

Babban kuskuren, wanda sauran duk daga gare shi suke tsirowa, shi ne a sa wayo ya faɗo wa mutum daga sama ranar da ya tuba. Direban da ya shafe babi talatin bai iya bin motar jaruma ba tare da ta ɓace masa ba, a babi na talatin da ɗaya shi ne yake tsara yadda za a kuɓutar da ita daga gidan da 'yan daba goma suke gadi. Mai karatu zai tambayi kansa, ina wannan basirar take a da? In bai samu amsa a cikin labarin ba, zai gane cewa hannun marubuci ne yake juya komai, daga nan kuma ya daina jin tsoron abin da zai faru da kowa.

Tuba tana canza niyyar mutum, ba ta ƙara masa ƙwaƙwalwa. Don haka gyaran yana can baya, a babukan farko, ba a babin tubar ba. Koma ka zaɓar masa abu guda da ya iya tun asali, ka nuna shi yana yin sa a gaban mai karatu sau biyu ko uku, a lokacin da ba wanda ya damu. Direban nan, misali, ya san kowane lungu na cikin gari, ya san hanyar da ake bi a kauce wa cunkoso ranar Juma'a, kuma da jin ƙarar inji yake gane abin da yake damun mota. Ubangidansa bai taɓa tambayarsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, leƙen asiri yake sa shi, aikin da ba nasa ba. Ranar da zai fitar da jaruma ta wani lungu da mota take wucewa da ƙyar, mai karatu zai ce af, ai dama ya sani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Tarihinmu ma ya nuna mana haka, ko da yake darajar mai labarin ta wuce a jera shi da mutanen ƙage. Khalid bin Walid, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya jagoranci mahayan Ƙuraishawa da suka zagayo ta bayan dutse a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, lokacin da maharba suka bar wurin da aka ajiye su. Bayan ya musulunta, a Mu'uta a shekara ta 8, da wannan basirar yaƙin ce ya janye rundunar Musulmi daga gaban mayaƙan Rum da suka fi su yawa nesa ba kusa ba. Gwanintar tana nan tun farko. Abin da ya sauya shi ne wanda ake yi wa hidima da ita.

To in yana da gwaninta, me ya sa yake ta faɗuwa a wancan ɓangaren? Nan ne marubuta da yawa suke barin giɓi. Dole a samu dalili, ruwa ba ya tsami banza. Dalilan kuwa suna nan birjik a rayuwarmu ta yau da kullum. Wanda ake yi wa tsawa kullum hannunsa rawa yake yi. Wanda in ya kawo shawara ake ce masa waye ya tambaye ka, zai koyi yin shiru ko da ya hango rami. Wanda ba a gaya masa dalilin aiken ba, in abu ya sauya a hanya ba zai san yadda zai yi ba. Dalilin da na fi so kuma shi ne wanda zuciyarsa ba ta cikin aikin: ƙawar kishiyar nan da ta zuba magani a kwanon da ba shi ba, wataƙila ba mantuwa ba ce, ita kanta ba ta yarda ta faɗa wa kanta gaskiya ba ne. In ka gina haka, duk kuskurenta na baya zai samu sabuwar ma'ana ranar da ta tuba, har mai karatu ya so ya koma ya sake karanta babukan farko.

Masu kallon katun ɗin Pokémon, wanda aka fara nunawa a Japan a 1997, sun san 'yan Team Rocket uku, wato miyagun labarin, Jessie da James da Meowth, waɗanda suka shafe shekara fiye da ashirin suna neman sace Pikachu, 'yar ƙaramar halittar da take tare da jarumin katun ɗin, Ash, ba su yi nasara ba. Amma duba abin da aka riƙa nuna suna yi kusan kowane mako: suna ƙera manyan injuna, suna haƙa ramukan tarko, suna ɓad da kama har jaruman su kasa gane su, shi kuwa Meowth, wanda halitta ce mai kama da mage, da kansa ya koyi maganar mutane. Shi ya sa a fim na biyu, na 1999, da suka taimaki Ash ya isa inda yake nema, ba wanda ya ga baƙon abu. Gwanaye ne da suka ɗauki sana'ar da ba ta karɓe su ba.

Kuskure na gaba yana faruwa tun kafin tubar: a mai da shi wawa har ya wuce misali don kawai a samu dariya. Muna da Kura a tatsuniya, ga tsoro ga ban tsoro, kullum Gizo yana yi mata wayo. Amma ko a bakin kaka, Kura tana da haƙora. Yaro yana dariyar wautarta ne alhali ya san in ta kama ɗan akuya sai dai labari. Idan mugun naka ba ya iya cutar da ko ƙuda, nasarar jarumi a kansa ba ta da daraja, komawarsa ɓangaren jarumi ma ba ta rage wa bos komai ba. Bari ya yi nasara sau ɗaya a ɓangaren mugunta, nasara mai ciwo, wadda za ta bar tabo a jikin wani da muke so.

A nan zan ɗan tsaya a kan abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa alamar da ake ba wannan wawan ita ce in'ina, ko karin harshen ƙauye, ko Hausar wanda ba Bahaushe ba, ko wata nakasa. Abin da ya fi muni, da ya tuba sai in'inar ta ɓace, Hausarsa ta miƙe. Me muke gaya wa yaron da yake da in'ina yana karanta wannan a wayar yayarsa? In ka ba mutum in'ina, ka bar masa ita har ƙarshen littafi, ya yi bajintarsa da ita.

Wannan ya kai mu ga goge masa hali. Ana tuba sai ya zama jarumi na biyu, mai natsuwa, mai magana kamar malamin islamiyya, duk abin da ya sa muka so shi ya tafi. Hali zanen dutse ne. In matsoraci ne a da, yana nan matsoraci, sai dai yanzu yana shiga wurin haɗari gwiwarsa tana kaɗawa, kuma wannan ya fi taɓa zuciya a kan wanda bai san tsoro ba. In mai surutu ne, surutun ne zai riƙe mai gadi a bakin ƙofa minti goman da ake buƙata. Ko yadda yake kiran mutane kada ya canza da sauri. Wanda ya saba durƙusawa yana cewa ranka ya daɗe ba zai tashi gobe yana kiran jarumi da sunansa ba. Ka bar shi ya riƙa cewa yallaɓai har sai jarumin ya gaji ya ce masa, “Malam, ni ba ubangidanka ba ne, zauna mu ci abinci.” A irin wannan ɗan wurin ne mai karatu yake ganin dalilin da ya sa hannun da yake rawa a da ya daina.

Sai batun yafiya, wanda shi ne na fi ganin ana gaggawa a kansa, musamman idan littafi ya kusa ƙarewa marubuciya ta gaji, masu karatu kuma suna ta neman ci gaba. Mutum ya yi kuka shafi ɗaya, an rungume shi, gobe an ba shi makullin gida. Mu da muke da kalmar tuban muzuru a harshenmu, muke kuma cewa kowa ya tuba don wuya ba lada, bai kamata mu rubuta mutanen da ba su san zargi ba. Malamai sun karantar da mu sharuɗɗan tuba: a daina laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Wannan na ƙarshen shi ne taskar marubuci. Wa ya cuta? Ina mutumin yake yanzu? A cikin mutanen jarumi a samu guda ɗaya, wataƙila uwar yarinyar da aka sace, wadda ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma tana da gaskiya. Kada ka mai da ita muguwa don ta ƙi yafewa da wuri. Amanar da za a ba shi ta zo kaɗan-kaɗan: yau a aike shi kasuwa a ƙirga canji, jibi a bar shi da mota, sai can gaba a gaya masa sirri.

Akwai kuma mai da shi rumbun asirai. Da ya sauya sheƙa sai ya zama ya san lambar akwatin kuɗin bos, da sunan bokansa, da shirinsa na wata mai zuwa. Gaskiya ne sai da ɗan gari kan ci gari, amma wane bos ne zai gaya wa yaron da ya raina duk wannan? Ka ba shi sanin da ya dace da matsayinsa. Direba ya san inda ake zuwa da daddare da wanda ake ɗaukowa, bai san abin da ake faɗa a ciki ba. Mai aikin gida ta san ranar da aka dafa abincin baƙi huɗu alhali ba a ga kowa ya shigo ta ƙofar gaba ba. Sauran aikin na jarumi ne ya haɗa.

Kada kuma ya shafe jarumin. In shi ne yake warware kowace matsala daga ranar da ya zo, labarin ya koma nasa.

Abu na ƙarshe da nake dubawa in aka ba ni rubutu in karanta shi ne ko mutumin ya sake yin kuskure bayan tubar. Yawanci ba ya yi, kuma nan ne ƙaryar take fitowa fili. Ya kamata ya sake ɓata wani abu, irin ɓatawarsa ta da, a lokacin da ya fi kowane muhimmanci. Bambancin yana cikin abin da zai biyo baya. A gidan bos, in ya yi kuskure ɓoyewa yake yi, ya yi ƙarya, ƙaramar ɓarna ta girma har ta rushe shirin gaba ɗaya. Yanzu kuwa direban ya manta bai sha mai ba, mota ta mutu a hanyar Zariya da tsakar dare, ga mutanen bos a baya. Ya juyo ya dubi jaruma, murya tana rawa, ya ce, “Hajiya, laifina ne, ban sha mai ba. Amma akwai wani gareji a bayan wancan gidan man da aka rufe, maigadinsa ya san ni. In muka tura motar za mu kai kafin su iso.” Ita kuma ta cire takalmanta ta fito ta kama turi.