Masu sola, ku daina cajin laftof ta inbata

Jama'a, in kuna da batirin sola a gida ko a shago, ku nemi cajar laftof irin ta mota, ku haɗa ta da batirin kai tsaye.

Batirin sola DC yake bayarwa, wato wutar da ke tafiya ta hanya ɗaya, laftof ma DC take ci. Inbata sai ta mayar da wutar ta koma AC, irin wutar NEPA, cajarka kuma ta sake maido ta DC. Kowane juyi akwai asara. Taɓa bayan inbatar da tsakar rana a zafin Katsina na watan Afrilu, wannan ɗumin wutarka ce ke tafiya a banza. Ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne tana shan batir.

Kafin ka biya, juya laftof ɗinka ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta. Yawanci volt 19 ne zuwa 20, ƙarfin wutar da cajar za ta ba ta ke nan. Ka tafi da ita kasuwa a gwada bakin cajar a gabanka, kar ka yarda da "zai yi, Alhaji".

Sa fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, tsakanin batir da caja, wannan dole ne.

In batirinka na volt 24 ne, cajar da aka yi don batirin volt 12 kawai za ta iya ƙonewa. Firinta da kwamfutar tebur kuwa, sai dai inbatar.