Yadda Ake Jan Ƙugiya a Kwale-kwale Don Kama Kifin Walleye da Ɗan Kuɗi

'Yan uwa mazauna Amurka da Kanada kun dame ni da tambayar yadda ake kama walleye, wani kifin ruwan daɗi na Arewacin Amurka, da ɗan kuɗi, musamman masu zuwa Tafkin Erie. To, ga matakan.

1. Sayi lasisin kamun kifi na jihar ko lardin da za ka shiga ruwa.

2. Duba dokar wurin kan tsawon kifi da adadin da aka yarda ka ɗauka.

3. Nemi sandar fatsa ta hannu, kwanjo ma ta isa. Ɗaya tak. Kada mai shago ya cika ka da tsada.

4. Ari kwale-kwale, ko ku haɗa kuɗin haya da abokai.

5. Sa rigar hana nutsewa.

6. Ɗaura dalma mai ƙafar waya (bottom bouncer a Turance, mai kai ƙugiya ƙasan ruwa) a zaren. Oza 1 a duk zurfin ƙafa 10.

7. Soka tana a ƙugiyoyi biyu da ke ɗaure a bayan dalmar, ta miƙe sambal. In ta lanƙwashe, juyi za ta yi ta murɗe zaren.

8. Fita da asuba ko gab da magariba. Idon kifin nan ba ya son rana.

9. Tuƙa a hankali, mil 1 zuwa 1.5 a awa. Wayar salularka za ta nuna gudun.

10. Saki zare har ka ji dalma ta taɓa ƙasa.

Hattara! Nan ake ɓata aiki. Kar ka ƙara saki, dalma za ta kwanta ta maƙale a duwatsu.

11. In sanda ta yi nauyi, naɗo zaren sannu, ba fizga.

12. Ɗauko kifin da koma. Haƙoransa da murfin kuncinsa suna yanka hannu.