Kafin ka tuɓe riga a bakin kogi

A kogin Wudil na koyi iyo, kuma abu na farko da kawuna ya sa ni yi shi ne gaida masunta. Su ne suka san inda ƙasa take da tauri da inda gurbi yake, domin kogi ba ya zama yadda ka bar shi bara. Masu haƙar yashi ma kaɗai sun isa su canja shi. Na taɓa tafiya cikin ruwa iya gwiwa, taku ɗaya na ƙara sai na ji babu ƙasa. Ramin yashi ne. Ranar na sha ruwa har na ƙoshi. Tun daga nan nake shiga da sanda ina dogarawa, kuma ba na yin tsalle da ka cikin ruwan da ban taka gindinsa ba.

Ka jefa kara ka ga tafiyarsa. In ya wuce saurin tafiyarka a ƙasa, ko ya tsaya yana juyawa wuri guda, haƙura. Ruwan da ya yi ja, yana ɗauke da itace da shara, ruwan ambaliya ne. A watan Agusta ni ko kusa ba na zuwa. Rani ma ba tabbas ba ne, don in aka saki ruwa daga madatsar Tiga ko ta Challawa, kogi na iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba. Ka kafa tsinke a bakin ruwa, ka riƙa dubawa. In ya nutse, fito.

Kada ka je kai kaɗai, kuma ɗaya ya zauna a gaɓa yana kallo. Ku tafi da igiya da jarka marar komai a ciki, a rufe ta gam. Aikin da gora yake yi wa masuntan Argungu, wato hana su nutsewa, shi jarkar za ta yi muku. In wani ya fara nutsewa, ita za a jefa masa, ko a miƙa masa doguwar sanda. Mai nutsewa ba ya sanin ɗan'uwa, duk wanda ya kama zai danne shi ne. In kuwa kai ne ruwa ya ja, kar ka yi kokawa da shi. Kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ka riƙa karkatowa gaɓa a hankali, ko da can ƙasa za ka fita ka dawo da ƙafa.

Sai tsargiya, wadda muka ɗauka wasa ce muna yara. Tana samuwa ne daga dodon koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya, wurin ciyawa da magudanan noman rani, kuma ta fata take shiga. Guji irin waɗannan wurare. In ka ga jini a ƙarshen fitsari, je asibiti a gwada ka, akwai ƙwayar maganinta.